BABI NA UKU: HANYOYIN GINA ƊAFI MAI MU'AMALA A MANHAJAR JADAWALIN LISSAFI: MISALI DAGA ƘUNGIYOYIN MANOMA NA TUDUN KAYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne game da yadda ake gina ƙaramar manhaja wadda ake maƙalawa a jikin manhajar jadawalin lissafi domin ta ƙara mata wani aiki na musamman. Za a fara da kawo ma'anar muhimman kalmomin da aka yi amfani da su, sannan a biyo da taƙaitaccen tarihin wannan fasaha. Bayan haka za a dubi yanayin ƙungiyoyin manoma na Tudun Kaya da kewayenta domin a fito da dalilin da ya sa ake bukatar irin wannan manhaja. Daga nan sai a yi bayanin sassanta, da matakan gina ta, da hanyoyin da mai gini zai zaɓa, da kuma matsalolin da yakan ci karo da su. Manufar babin ita ce a nuna cewa gina wannan manhaja ya rataya ne a kan sanin mutanen da za su yi aiki da ita, da ma'auninsu, da harshensu, kafin a zo ga sanin harshen kwamfuta.

3.1 Ma'anar Jadawalin Lissafi da Ɗafi

Manhajar jadawalin lissafi ita ce manhajar da take shimfiɗa wa mai aiki falle a fuskar kwamfuta, wanda aka tsaga shi da layukan kwance da layukan tsaye. Duk inda layin kwance ya gitta layin tsaye ana samun ɗan akwati wanda a wannan nazari aka kira shi gurbi. A cikin gurbi ana iya zuba rubutu, ko lamba, ko dabarar lissafi wadda take dogara da abin da yake cikin wasu gurabe. Da zarar an sauya lamba ɗaya, duk gurbin da ya dogara da ita zai sake lissafin kansa nan take. Tarin fallaye da aka adana a fayil ɗaya shi ne aka kira kundi. Misalan wannan manhaja sun haɗa da Microsoft Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc.

Ita kuwa kalmar ɗafi an aro ta ne daga nahawun Hausa, inda take nufin ƙwayar ma'anar da ake liƙa wa saiwar kalma, a goshinta ko a ƙeyarta, domin ta ba da ƙarin ma'ana. Alal misali, idan aka ɗafa "ma-" da "-i" a saiwar kalmar noma sai a sami manomi. Kamar yadda ɗafin nahawu ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ya jingina da saiwa, haka ita ma wannan ƙaramar manhaja ba ta aiki sai a cikin uwar manhaja. Saboda haka a wannan kundi, ɗafi yana nufin tarin umarnin da aka rubuta daban, aka liƙa wa manhajar jadawali domin ya ƙara mata maɓallai da fom da dabarun lissafin da ba ta zo da su ba. Ana ce masa mai mu'amala idan yana yi wa mai aiki tambaya, ya karɓi amsa, ya tantance ta, ya kuma mayar masa da jawabi kafin a ci gaba. Ya kamata a lura da cewa ɗafi ya bambanta da makaro. Shi makaro jerin umarni ne da yawanci yake zaune a cikin kundi ɗaya, alhali ɗafi yana zaune ne a jikin manhajar, ta yadda zai iya yi wa kundaye da yawa hidima.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Fasahar

Manhajar jadawali ta farko da ta yi fice a kan ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a shekarar 1979 domin kwamfutar Apple II. A shekarar 1983 sai Lotus 1-2-3 ta bayyana, ta kuma zo da tsarin makaro wanda ya ba akawu damar tara umarni masu yawa ya aiwatar da su da danna maɓalli. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985 domin kwamfutar Macintosh, sannan ya kawo ta kan Windows a 1987. Babban sauyi ya zo ne a 1993, lokacin da Excel ta biyar ta fito da harshen umarni mai suna VBA, wanda ya sauƙaƙa wa wanda ba ƙwararre ba zana fom da rubuta dabarun lissafi na kansa. Tun daga Excel ta 2007, ɗafin da aka rubuta da wannan harshe ana adana shi ne a fayil mai ƙarewa da xlam.

A ɗaya ɓangaren, kamfanin Google ya buɗe manhajarsa ta jadawali a kan intanet a 2006, ya fitar da harshen Apps Script a 2009, sannan ya buɗe rumbun ɗafe-ɗafe a 2014. Shi ma Microsoft, daga Office ta 2013, ya kawo sabon tsari inda ake gina ɗafi da harsunan shafin intanet, wato HTML da CSS da JavaScript. Haka kuma a 2010 aka kafa LibreOffice, wadda kyauta ce, kuma tana da nata harshen makaro da tsarin ɗafi. Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne, a yau mai gini yana da hanyoyi fiye da ɗaya, kuma kowace hanya tana da sharuɗɗan da suka dace da wani wuri, ba su dace da wani ba.

3.3 Yanayin Tudun Kaya da Dalilin Bukatar Ɗafi

Tudun Kaya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano. Ƙaraye tana maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Rogo, kuma yankin yana kusa da iyakokin jihohin Katsina da Kaduna. Bisa ƙidayar 2006, Ƙaraye tana da mutane sama da 140,000, Rogo kuma sama da 220,000. Noma ita ce babbar sana'ar jama'ar yankin, inda ake shuka masara da dawa da gero da wake da damina. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, ta ƙara buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi.

Tsare-tsaren tallafa wa manoma a Nijeriya sun daɗe suna bi ta hannun ƙungiyoyi da rajista. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta soma rabon takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon wayar hannu, a zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. A watan Nuwamba na 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, wanda a ƙarƙashinsa aka riƙa bai wa manoma rancen kayan noma a ƙungiyance, su biya da amfanin gona bayan girbi. Irin wannan tsari, ko na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, yana ɗora wa magatakardan ƙungiya nauyi mai girma, domin shi ne zai rubuta abin da kowa ya karɓa da abin da ya biya. Idan ya yi kuskure, to dukiyar wani ce ta salwanta, kuma mutuncinsa ne zai zube a gari inda kowa ya san kowa.

Domin a fito da matsalar fili, ga misali. Farashin da za a ambata an ɗauke shi ne domin sauƙin lissafi kawai. A ƙaddara wani manomi ya karɓi buhu 2 na takin kamfa a kan N40,000 kowanne, da buhu 1 na yuriya a kan N35,000, da irin masara na N10,000. Jimlar bashinsa ta kama N125,000. Ƙungiya ta amince a karɓi buhun masara a kan N50,000, kuma buhu yana cin kwano 40, wato kwano ɗaya ya kama N1,250 ke nan. Bisa wannan, bashin manomin kwano 100 ne, wato buhu 2 da kwano 20. Da kaka ta yi, sai ya kawo buhu 1 da kwano 30, wanda ya kama kwano 70, saura kwano 30. To, idan magatakarda ya rubuta 1.30 a gurbin buhu, kamar yadda ya saba taƙaitawa a littafinsa na takarda, manhajar za ta ɗauka buhu ɗaya ne da kashi 3 cikin 10 na buhu, wato kwano 52. Ta haka an tauye wa manomin kwano 18, kimanin N22,500, ba tare da kowa ya yi nufin zalunci ba. Manhajar ba za ta yi gargaɗi ba, domin a wurinta 1.30 lamba ce ingantacciya.

Irin wannan kuskure bai taƙaita ga karkara ba. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar sun kamu da cutar korona sun faɗi daga ƙididdiga, saboda an zuba sakamakon a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Idan hukuma mai ƙwararru ta faɗa wannan rami, to ƙungiyar manoma ta fi bukatar kariya. Aikin ɗafi shi ne ya tsaya tsakanin hannun magatakarda da gurbi, ya hana kuskure shiga tun daga ƙofa.

3.4 Sassan Ɗafi

Kowane ɗafi mai mu'amala yana da sassa uku, kuma rarrabe su shi ne tushen kyakkyawan gini.

3.4.1 Ma'ajiyar Bayanai

Wannan shi ne kundin da bayanan ƙungiya suke zaune a ciki. Ya dace a raba shi falle huɗu. Falle na farko shi ne rajistar 'yan ƙungiya, inda kowa yake da lamba tasa shi kaɗai. Na biyu shi ne fallen rance, na uku fallen biya. Na huɗu shi ne fallen ƙa'idoji, wanda a cikinsa ake ajiye farashin buhu, da yawan kwanon da buhu yake ci, da ranar rufe biya. Hikimar keɓe fallen ƙa'idoji ita ce, ma'aunin hatsi ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mudu da tiya da buhu suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma farashi yana sauyawa daga kaka zuwa bazara. Idan aka binne lamba 40 a cikin umarni, to ranar da ƙungiya ta sauya ma'auni sai an nemo mai gini. Idan kuwa tana cikin fallen ƙa'idoji, shugabannin ƙungiya za su iya gyara ta a gaban jama'a.

3.4.2 Fuskar Ɗafi

Fuska ita ce abin da mai aiki yake gani, wato maɓallai da fom da saƙonnin gargaɗi. A misalin da aka kawo, fom ɗin biya zai ƙunshi jerin sunayen 'yan ƙungiya wanda ake zaɓa daga cikinsa, da akwati ɗaya na buhu, da akwati ɗaya na kwano, da maɓallin "Adana" da na "Fasa". Raba buhu da kwano gida biyu shi kaɗai ya isa ya kashe kuskuren 1.30. Wajibi ne duk rubutun fuskar ya kasance da Hausa, da kalmomin da ake faɗa a kasuwa, domin magatakarda ya iya karanta wa manomi abin da kwamfuta ta nuna ba tare da fassara ba.

3.4.3 Aukuwa da Umarni

Aukuwa ita ce duk wani motsi da manhaja take lura da shi, kamar buɗe kundi, ko danna maɓalli, ko sauya abin da yake cikin gurbi. Mai gini yana ɗaure wa kowace aukuwa umarnin da zai tashi idan ta faru. A harshen VBA umarnin da yake tashi idan an sauya gurbi ana kiransa Worksheet_Change, a Apps Script kuma onEdit. Wannan tsari na aukuwa da martani shi ne ainihin abin da yake mayar da ɗafi mai mu'amala, domin kuwa shi ne yake sa manhaja ta amsa a daidai lokacin da mutum ya yi motsi.

3.5 Matakan Gina Ɗafi

Mataki na farko shi ne nazarin aikin kamar yadda ake yin sa da hannu. Mai gini zai zauna da magatakarda da ma'aji, ya duba littafinsu, ya fahimci wa yake awo, wa yake rubutu, wa yake shaida. Ɗafin da aka gina ba tare da wannan mataki ba yakan tilasta wa mutane tsarin da ba nasu ba, daga bisani su yi watsi da shi su koma wa takarda.

Mataki na biyu shi ne rubuta ƙa'idojin lissafi da harshen mutane kafin a mayar da su harshen kwamfuta. Ga yadda ƙa'idar maɓallin "Adana" za ta kasance:

(a) Idan ba a zaɓi sunan manomi ba, a tsaya, a nuna saƙon "Zaɓi sunan mai biya".

(b) Idan abin da aka rubuta a akwatin buhu ko na kwano ba cikakkiyar lamba ba ce, a tsaya, a nemi gyara.

(c) Idan kwanon da aka rubuta ya kai ko ya haura abin da buhu yake ci, a tambayi mai aiki ko yana so a mayar da shi buhu.

(d) A ninka buhu da yawan kwanon buhu, a tara da kwano, a sami jimla da kwano.

(e) A nuna jimlar da abin da ya saura, a jira amincewar mai aiki.

(f) Idan ya amince, a rubuta sabon layi a fallen biya, tare da kwanan wata da lambar rasit.

Abin lura a nan shi ne, ana ajiye duk awo da ƙaramin ma'auni guda ɗaya, wato kwano, sai a lokacin nunawa ake fassara shi zuwa buhu da kwano. Haka kuma ba a goge tsohon layi domin gyara. Idan an yi kuskure, sai a rubuta sabon layi da yake soke na baya, ta yadda mai bincike zai iya bin sawun kowane kwano.

Mataki na uku shi ne zana fom da rubuta umarni. A nan ne ake rubuta sababbin dabarun lissafi waɗanda za a iya kira a cikin gurbi kamar dabarun da manhaja ta zo da su. Misali mai kyau shi ne dabarar zakkar hatsi. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, wato sa'i 300. Abin da aka noma da ruwan sama ana fitar da kashi 1 cikin 10, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar ban-ruwa da inji, kashi 1 cikin 20. Saboda haka dabarar za ta nemi abu biyu, yawan sa'i da nau'in ruwa. Wanda ya sami sa'i 900 da damina zai fitar da 90, wanda ya sami 900 da inji zai fitar da 45, wanda ya sami 280 kuwa babu zakka a kansa. A mazhabar Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar amfanin gona, don haka dole dabarar ta yi lissafi a kan dukkan girbi kafin a cire rancen taki. Wannan yana nuna cewa akwai ƙa'idojin da mai gini ba shi da ikon yanke su da kansa, sai ya koma ga malamai, kamar yadda zai koma gare su wajen daidaita sa'i da kwanon garin.

Mataki na huɗu shi ne gwaji. Ana gwada ɗafi da lissafin da aka riga aka san amsarsa, kamar na kwano 70 da aka kawo a baya, sannan a gwada shi da gangan da gurɓatattun bayanai: a bar akwati fayau, a rubuta harafi a gurbin lamba, a danna "Adana" sau biyu a jere. Bayan haka sai a yi kaka ɗaya ana rubutu a littafi da kwamfuta tare, ana kwatanta su kowace ranar kasuwa. Mataki na biyar shi ne adana ɗafin a fayil nasa daban da kundin bayanai, a ɗora shi a kwamfutar ƙungiya, a kuma koya wa mutum biyu aƙalla yadda ake aiki da shi, domin kada aikin ya tsaya ranar da ɗaya ya yi tafiya.

3.6 Zaɓin Hanyar Gini

Hanya ta farko ita ce VBA a kan Excel. Fa'idarta ita ce tana aiki ba tare da intanet ba, kuma kayan gininta suna cikin manhajar. Rauninta shi ne umarnin VBA ba ya gudana a Excel ta wayar hannu ko ta shafin intanet. Hanya ta biyu ita ce ɗafin Office na JavaScript, wanda ya ƙunshi fayil ɗin shaida mai bayyana sunan ɗafi da adireshinsa, da kuma shafin intanet da yake bayyana a gefen falle. Wannan yana aiki a Windows da Mac da kan intanet, kuma gyara guda a wurin mai gini yana isa ga kowa, sai dai yana bukatar a ajiye shafin a wata babbar kwamfuta mai masauki, a riƙa kuma janyo shi. Hanya ta uku ita ce Apps Script a kan Google Sheets, wadda take ba mutane da yawa damar duba kundi ɗaya a lokaci guda. Sai dai umarninta yana gudana ne a kwamfutocin kamfanin, don haka idan layin sadarwa ya yanke, ɗafin ya tsaya. Hanya ta huɗu ita ce LibreOffice Calc, wadda ba a biyan kuɗin lasisinta, kuma ba ta bukatar intanet.

Idan aka auna waɗannan hanyoyi da yanayin karkara, inda ba a iya dogara da wutar lantarki ko ƙarfin layin sadarwa a kowane lokaci, kuma awon hatsi ba ya jira, to hanya ta farko da ta huɗu su ne suka fi dacewa da ranar karɓar biya. Hanya ta uku kuwa tana da amfani wajen aika taƙaitaccen rahoto ga masu ba da rance da suke Kano.

3.7 Matsalolin da Mai Gini Zai Kiyaye

Matsala ta farko ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Gurbin Excel yana karɓar su, amma wurin rubuta umarnin VBA ba ya riƙe su, yakan mayar da su alamar tambaya. Mafita ita ce a kira kowane baƙi da lambarsa ta tsarin Unicode ta hanyar umarnin ChrW, inda ƙ take da lamba 409, ɓ 595, ɗ kuma 599, alamar naira 8358. Wata mafitar ita ce a tara duk saƙonnin Hausa a wani falle, ɗafin ya riƙa ɗauko su yana nunawa a kan fom. Haka kuma Excel tana ɗaukar waƙafin sama da ya zo a farkon gurbi a matsayin alamar cewa abin da ya biyo baya rubutu ne, sai ta ɓoye shi, ta yadda sunan da ya fara da 'Yar zai bayyana a matsayin Yar. Bugu da ƙari, ana iya rubuta suna ɗaya da Ɗanladi a wani wuri, Danladi a wani wurin, manhaja ta ɗauke su mutum biyu. Wannan ne ya sa ya zama dole a nemi mutum da lambarsa ta rajista maimakon sunansa.

Matsala ta biyu ita ce ta lambobin da ba na lissafi ba. Lambar wayar Nijeriya tana farawa da sifili, haka ma wasu lambobin asusun banki masu alƙaluma 10. Idan aka zuba su a gurbi a matsayin lamba, manhajar takan yar da sifilin farko, kuɗi su tafi inda ba a nufa ba ko su ƙi tafiya. Saboda haka ɗafi zai adana su ne a matsayin rubutu, ya kuma ƙirga yawan alƙalumansu kafin ya karɓa.

Matsala ta uku ita ce cike lamba. Dabarar ROUND ta cikin falle tana mayar da 62.5 zuwa 63, alhali umarnin Round na VBA yana mayar da ita 62, domin shi yana karkata ne ga lambar da take rabuwa biyu daidai. Idan ba a tsayar da ƙa'ida ɗaya ba, rasit zai nuna wani abu, falle ya nuna wani, kuma kwano ɗaya ya isa ya haddasa musu.

Matsala ta huɗu ta shafi halin umarnin kansa. A VBA, umarnin da yake tashi idan an sauya gurbi, idan shi ma ya sauya gurbi, zai sake tayar da kansa ba iyaka, sai an dakatar da sauraren aukuwa na ɗan lokaci. Haka nan duk sauyin da makaro ya yi a Excel ba a iya janye shi da maɓallin komawa baya. Don haka ake son ɗafi ya nemi amincewa kafin ya rubuta, a kuma riƙa ajiye kwafin kundi a wata na'ura daban.

Matsala ta biyar ita ce tsaro da amana. Tun a 1996 aka gano ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Laroux wadda take yaɗuwa ta makaron Excel, kuma daga 2022 Microsoft ya soma toshe makaron da yake cikin fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Saboda haka ɗafin da aka aiko ta saƙo ba zai tashi ba sai an buɗe masa hanya, kuma bai kamata a buɗe wa wanda ba a san asalinsa ba. Ban da wannan, kundin ƙungiya yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da basussukan mutane. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin kiyaye su. A al'adar Bahaushe ma, bashi sirri ne tsakanin mai bi da wanda ake bi, don haka rasit ɗin da za a ba manomi kada ya nuna komai sai nasa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an kawo ma'anar jadawalin lissafi da ɗafi, an kuma bi tarihin fasahar daga 1979 zuwa zamanin ɗafin intanet. An nuna ta hanyar misalin rancen taki yadda rubuta buhu da kwano a gurbi ɗaya zai iya tauye wa manomi kwano 18, da yadda fom mai akwati biyu yake toshe wannan kafa. An kuma yi bayanin sassan ɗafi guda uku, da matakai biyar na gina shi, da hanyoyi huɗu da za a zaɓa daga cikinsu, da matsaloli biyar da suka shafi harshe da lambobi da tsaro. Abin da aka fahimta shi ne, ɗafin da ya dace da Tudun Kaya shi ne wanda yake aiki babu intanet, yake magana da Hausa, yake awo da kwanon garin, ya kuma bar ƙa'idojin lissafi a fili inda 'yan ƙungiya za su gani su amince. A babi na huɗu za a kawo tsarin fallayen kundin da zanen fom ɗin biya dalla-dalla.